Falcon 9, Rokar da Ta San Lokaci

A fadarmu ta nan Ƙonni kowa ya san ƙa'idata. Da zarar agogon da ke ƙasan allon waya ya nuna saura minti 5, ko shayin farko aka miƙo mini ba na karɓa, kuma duk mai son kawo zancen ƙwallo sai ya matsa can gindin bedi. Ku da muka kamu da wannan ciwo tare kun gane. Ni dai Falcon 9 ta tafi da ni, ba ni kuma neman magani.

Ku dube ta a tsaye mana: doguwa, siririya, santaleliya, sama fari tas, ƙasa da ɗan baƙin hayaƙin tafiye-tafiyen baya kamar tukunyar da ta san murhu, mita 70 cif, tana fitar da farin tururi a hankali kamar mai jan numfashi kafin ya shiga fili. Nauyinta idan ta ƙoshi ya kai tan 549, wato kusan buhu 11,000 na simintin Malbaza. Kuma wannan kaya zai tashi sama. Kai!

Amma abin da ya fi burge ni ba wutar ba ce. Ƙirgen ne. Saura minti 35 ake fara ɗura mata kananzir tatacce da ruwan oksijin mai sanyin da ya zarce digiri 200 ƙasa da sifiri, don yadda sanyi yake matse shi haka tanki yake ɗaukar mai yawa. Daga nan babu zaman jira, domin in ya ɗumama shi ke nan, sai a juye a koma wata rana. Saura minti 7 a fara sanyaya injinan Merlin guda 9, kada sanyin ya bugi ƙarfe ba shiri. Saura minti 1 kwamfutar cikin rokar ta karɓi ragama daga hannun mutane. Saura daƙiƙa 45 sai ka ji muryar daraktan harbi, a natse, ba hayaniya, ya ce "go". Wallahi wannan kalma guda tana sa tsigar jikina tashi. Saura daƙiƙa 3 injina su kama, amma ƙugiyoyi na riƙe da ita a ƙasa har sai kwamfuta ta tabbatar tara ɗin nan lafiya lau suke. Sannan a sake ta.

Sai maganar taga, wato ɗan lokacin da za a iya harbawa, wadda nan ne sababbin shiga suke rikicewa. Tashar sararin samaniya tana can sama kimanin kilomita 400, tana zaga duniya cikin wajen minti 90, kan hanya guda mai karkata digiri 51.6. Ƙasa ce ke juyawa a ƙarƙashin wannan hanya, kuma sai lokacin da Fulorida, inda ake harbawa, ta shigo daidai ƙasanta ne za a iya tashi zuwa tashar. Taga ce ta daƙiƙa guda. Mu da muka saba kasa kunne don kiran magariba da dabino a hannu, ai wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu.

Kun tuna 27 ga Mayu 2020, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla? 'Yan sama jannati Bob Behnken da Doug Hurley suna ɗaure a cikin kumbon Dragon a kan rokar, za su tashar, an riga an fara ɗura mai, lokacin tashi 9:33 na dare agogonmu. Saura minti 17 aka ce a sauke, yanayi bai yarda ba. Skirob! Na sayi data, na cika batir, na hana kowa magana, aka tashi a tutar babu. Ranar 30 ga wata suka tashi da 8:22, domin kowace rana tagar tana matsowa da wuri da kusan minti 23. Haushin ya wuce, lissafin ya zauna mini a kai har yau.

Daga tashi kuwa komai gudu yake. Minti 1 da 'yan daƙiƙu sai maks-kiyu, inda iska ta fi matsa wa jikin roka, sai ta ɗan sassauta wuta, ta ratsa, ta sake buɗewa. Wajen minti 2 da rabi sai miko: injinan ƙasa su mutu, roka ta rabu biyu kamar an karya rake a gaɓa, injin sama ya kama, bakinsa ya yi ja jawur. Wani dattijo da ya taɓa leƙa wayata ya ce, "Ɗana, ai ta kwanta, faɗuwa za ta yi." Na ce, Baba, da gangan ne. Hawa sama ƙaramin aiki ne, babban aikin shi ne gudun gefe, kusan kilomita 28,000 a awa, yadda za ta yi ta faɗuwa tana kuskuren ƙasa.

To, sai saukar. A nan nake rasa kunya gaba ɗaya. Gaɓar ƙasa ta juyo da gindi, ta buɗe fikafikanta huɗu masu kama da rariya, ta kunna injina uku ta rage gudu, ta kashe, ta yi ta zubowa, sannan a ƙarshe inji ɗaya tak. Kuma ba ta iya tsayawa cak a iska, don ko an rage wutar har ƙarshe ta fi ƙarfin nauyin da ya rage. Dole gudunta ya ƙare daidai inda tsayi ya ƙare. Ta yi wuri ta koma sama, ta makara ta tarwatse. Ƙafafu huɗu su buɗe, hayaƙi ya washe, ga ta tsaye a kan dandamali tsakiyar teku, minti 8 da rabi da barin gida. Tun Disamba 2015 ake sauko da ita a tsaye, wasu gaɓoɓin sun je sun dawo fiye da sau 20, amma har yanzu ihu nake yi.

Masu cewa wannan sha'anin Turawa ne, ina ruwan Bahaushe, su je su tambayi tarihin Kano. Lokacin shirin Mercury, NASA tana da tashar bibiya a can. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya ratso samanmu a zagayensa na farko, ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka tabbatar masa iska ta yi kwanaki tana kaɗawa. Hazon hunturunmu ne mutumin ya gani daga falaki.

Har wani lissafi nake yi don jin daɗi. Ƙonni ta fi Fulorida kusa da tsakiyar duniya, saboda haka juyawar ƙasa za ta ba rokar da ta tashi daga nan kyautar gudu da ta ɗara tasu da wajen kilomita 150 a awa. Matsalar guda ce: gabas ake harbawa, su gabas ɗinsu teku ne, mu kuwa namu gonakin albasar Galmi ne da Madawa da Maraɗi.

Ƙorafina bai wuce biyu ba. Harbin da suke yi da daddare a can yana faɗo mana ƙarfe biyu ko uku na dare, ga sallar asuba na jira. Sai kuma rezo, wanda ya san daidai lokacin da ƙafafun nan za su buɗe, a nan yake daskarewa. Sau uku ke nan ina ganin roka a sama, hoto ya tsaya, ya dawo na tarar da ita a tsaye, shayina kuma ya huce.