Kafin Waya Ta Yi Ƙara

Idan ɗan kasuwar kifi a Yelwa ya latsa kira ta data yana neman masunci a bakin ruwan Wara, 'yan daƙiƙoƙi ne kawai tsakanin latsawar da sallama. A cikinsu kuwa har an ƙulla ciniki an gama, muryar ɗan Adam ba ta shiga ba.

Aikin dillali ne sak. Kowa a kasuwar Yauri ya san ba dillali ke ɗaukar kwandon banda ba. Nasa ya nemo mai kaya, ya haɗa shi da mai saye, a daidaita, ya koma gefe. Haka saƙonnin shirya kira suke: hanyarsu daban, ta murya daban.

Ƙa'idar da ta fi shahara a wannan fage ita ce SIP, wadda ƙungiyar IETF ta fitar a 1999, ta sabunta a 2002. Cikin maƙeranta akwai Henning Schulzrinne na Jami'ar Columbia a Amurka da Mark Handley. Da ita kiran VoLTE ke aiki a kan 4G. WhatsApp, da ya soma kiran murya a 2015, tsarinsa daban ne, amma matakan kusan ɗaya.

Da farko waya kan yi rajista wurin uwar garke, ta ce ga inda nake yanzu. Mai kira ya latsa, saƙon INVITE ya tashi ɗauke da tayi: ga salon matse muryar da na iya, ga adireshin da za a same ni. Amsa da lamba take dawowa. 100 na nufin an karɓa, ana nema. 180, waya na ƙara a can. Sau da yawa ma ƙarar da ke kunnenka wayarka ce ke yin ta bisa wannan labari. 486, wanda ake kira yana kan wani kiran. Ya ɗauka, sai 200 ta zo da salon da ya zaɓa, wayarka ta tabbatar da ACK. Daga nan murya ta kama hanyarta, yawanci ƙunshi 50 kowace daƙiƙa, har BYE ya rufe. Shi kuwa mai filashin, wanda ba a rasa shi a kowane dangi, CANCEL yake aikawa kafin 200 ta iso.

Inda na fi jinjina wa maƙeran shi ne ba su yarda da hanya ba. Sun ɗauka saƙo zai iya ɓata, kamar yadda yake ɓata wa mai kwale-kwale a tsakiyar tafkin Kainji ko manomi a ƙauyukan Shanga, nesa da ƙarfen sabis. Idan INVITE ya tafi aka ji shiru, bayan rabin daƙiƙa a sake turawa, sai bayan daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, ana ninka jiran don kada a ƙara wa hanya cunkoso. A daƙiƙa 32 a haƙura. Amfanin 100 ɗin nan ke nan: na ji, daina maimaitawa.

Sai kuma matsalar da kowa ya sani: "Ina jin ka, kai kana ji na?" Ciniki ya faɗa, amma murya ɓangare ɗaya take bi. Galibi wayar ta rubuta adireshinta na cikin gidan kamfanin layi ne a tayin, wanda na waje ba zai iya kaiwa gare shi ba. Gwanin injiniya ba ya buƙatar sauraron kiran. Zai buɗe jerin saƙonnin a manhaja irin Wireshark, ya bi su layi-layi tunda rubutu ne da ido ke karantawa, ya ɗora yatsa kan adireshin da ya kauce. Maganin shi ne waya ta tambayi wata na'ura a waje da wane adireshi ake ganinta, in hakan ya faskara a bi da muryar ta tashar tsakiya.