Ɗumamen Filifin ya yi, masar gida ce ta ba da kunya

Sabon gidan abincin nan na bayan titin Bauchi ya rataya allo an rubuta "Brunch", wato cin da ake yi bayan lokacin karin kumallo ya wuce, na rana kuma bai yi ba. Mu dai tun kaka da kakanni walaha muke ce wa lokacin, kuma 'yan kasuwar Farin Gada da suka fito tun asuba sauke kayan gwari ba su taɓa jiran allo kafin su ci masa da ƙarfe goma sha ɗaya ba. To amma sunan ya jawo samari, kuma abin da ke cikin farantin ya isa a yi magana a kai.

Mai dafa abincin ɗan unguwa ne, ya yi shekaru yana aikin kicin a Jidda tare da mutanen ƙasar Filifin, waɗanda suka cika otal-otal da asibitocin Saudiyya. Dattawanmu ma sun san su, don a shekarun 1970 da 1980 malamai 'yan Filifin da dama sun koyar a makarantun sakandare na Arewa. Abincinsu ne dai ba mu sani ba.

Babban abin da ya kawo shi ne tapsilog. Sunan haɗin kalmomi uku ne: tapa, naman sa da aka yanka siriri aka jiƙa a kayan haɗi, sinangag, shinkafa soyayya da tafarnuwa, sai itlog, wato ƙwai. Sirrin yana ga shinkafar. Dole ta kwana, ta sha iska ta bushe, sannan a soya ta, in ba haka ba ta caɓe. A taƙaice ɗumame ne, irin wanda mu muke ɓoyewa in baƙo ya shigo, su kuwa suka mai da shi abin tinƙaho. A nan an yi shi yadda ya kamata: ƙwaya a warware, tafarnuwa ta yi ja ba ta ƙone ba, ƙwai da ruwa-ruwan gwaiduwa da za ka fasa ka cakuɗa. Naman yana da ɗan zaƙi da tsami, tsakanin kilishi da soye. Wanda ya saba da yajin tsire zai ga kamar da saura, kuma gidan ya yi dabara da ya ajiye yajin ƙuli a gefe.

A Filifin ana yawan cin irin wannan da naman alade. Nan babu shi, naman daga mahautan unguwa yake, kuma mai gidan ya rubuta hakan a bango. Ya kyauta. Tun rikicin 2001 mutanen Jos suka koma kowa na ci a ɓangarensa, sai ga shi ranar Asabar tebura cike da ɗaliban jami'a, Musulmi da Kirista, ba mai kallon wani.

Akwai kuma arroz caldo, faten shinkafa da kaza da citta, ana matsa lemun tsami a kai. Da sanyin Disamba na garin nan wannan zai yi kasuwa, ko da yake wanda ya san gwaten acca na mutanen Filato, da yakuwa da gauta, ba zai ce ya ga sabon abu ba.

Yanzu ga inda abin ya ɓata mini rai. Can ƙasan takardar abincin an sa masa da miyar taushe, kamar an tuna da ita ne bayan an gama. Masar fari fat, cikinta danƙare, babu ƙofofin nan da ke shan miya, babu tsamin ƙullun da ya kwana. Da ka gutsira ka san yis aka zabga da safe, aka ƙara sukari don a rufe asiri. Gefenta ma bai yi ƙamas ba, alamar tandar ba ta yi zafi ba aka zuba. Miyar kuwa kabewa ta yi ƙaranci, gyaɗa ta yi yawa. Mutumin da ya iya haƙurin barin shinkafar wasu ta kwana, yaya zai kasa barin ƙullun gidansu ya kwana? Kuma a Jos fa, inda matafiyi daga Abuja ko Legas ke tambayar masa tun kafin ya ajiye jaka.

Abin haushin, su 'yan Filifin ɗin suna da 'yan uwan masa. Puto ƙullun shinkafa ne da ake turarawa, na gargajiyarsa sai ya kwana ya tashi. Bibingka kuma a kasko ake gasa ta bisa ganyen ayaba, da garwashi sama da ƙasa. Da ya tambayi abokan aikinsa na Jidda, da sun faɗa masa ba a yi wa ƙullu gaggawa.

Kuɗin farantin tapsilog ɗaya zai sayi masar da za ta ishi mutum uku a wurin matan bakin layi, don haka ba cin kullum ba ne. Wurin zaman iyali labule ne kawai da tebur biyu, ya kamata a faɗaɗa. A je a ci shinkafar da faten kazar. Masa kuwa, kafin ya ɗauko ɗaya daga cikin iyayenmu mata ya damƙa mata tandar, a saye ta a waje.