Busharar Zaɓaɓɓe a Finafinan Star Wars da Matsalar Kalmar Daidaito

A shekarar 1977 ne George Lucas, mutumin Amurka, ya fito da fim ɗin Star Wars, sa'an nan wasu biyu suka biyo bayansa a 1980 da 1983. Wanda ya kalli waɗannan uku ba zai ji an ambaci wata bushara ba ko sau ɗaya. Abin da zai gani shi ne Darth Vader, barden azzalumin sarki Palpatine, wanda a ƙarshe ya ɗaga ubangidan nasa ya jefa shi cikin rami domin ya ceci ɗansa Luke. Sai bayan shekara 16, watau a 1999, Lucas ya koma baya ya ba da labarin ƙuruciyar Vader a cikin The Phantom Menace, kuma a nan ne aka fara jin cewa akwai wata daɗaɗɗiyar bushara game da wani zaɓaɓɓe da zai zo ya kawo daidaito ga Ƙarfi, watau ɓoyayyen ikon nan da labarin ya ce yana ratsa dukkan mai rai. Ke nan busharar ƙari ce da aka ɗora a kan ginin da aka riga aka gama, kuma wajibi ne mai nazari ya tambayi abin da ta ƙara wa ginin da abin da ta rage masa.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, ba a taɓa karanto nassin busharar a cikin finafinan ba. Ba a faɗi wanda ya yi ta ba, ba a faɗi zamaninsa ba. Mai kallo yana jin ta ne kawai daga bakin masu fassara ta, watau 'yan ƙungiyar Jedi. Qui-Gon Jinn ya sami yaro bawa ɗan shekara 9 mai suna Anakin Skywalker a duniyar Tatooine, ya ji daga uwarsa Shmi cewa ba shi da uba, ya auna jininsa ya ga alamar Ƙarfi ta zarce ta kowa, sai ya yanke hukunci. Obi-Wan Kenobi ya fahimci cewa zaɓaɓɓen zai hallaka abokan gabarsu, 'yan Sith. Yoda kuwa, a fim ɗin 2005, ya nuna shakkar cewa mai yiwuwa an karanta busharar a karkace. Saboda haka abin da ke gaban mai nazari tawili ne a kan nassin da ba ya hannu.

Gardamar duka ta rataya a kan kalma ɗaya. A Hausa ma kalmar daidaito tana da fuska biyu. Akwai daidaiton sikeli, inda ake son nauyin wannan gefe ya zo ɗaya da na wancan. Akwai kuma daidaituwar al'amari, kamar yadda ake cewa jikin majiyyaci ya daidaita, ko zama ya daidaita bayan fitina. Masu riƙo da ma'ana ta farko suna cewa Anakin ya cika busharar tun a 2005, lokacin da ya taimaka aka karkashe Jedi, har ya zama biyu ne suka rage a idon mai kallo, Yoda da Obi-Wan, suna fuskantar Sith biyu. Wannan lissafi yana da daɗin ji, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. A cikin fim ɗin kansa an ga Obi-Wan yana sauya saƙon da ke kiran Jedi su dawo gida, domin ya gargaɗi waɗanda suka tsira, alamar cewa ba su biyu kaɗai ba ne. Bugu da ƙari, zamanin da ya biyo baya na zalunci ne tsantsa, har aka tarwatsa duniyar Alderaan da mutanenta. Da wuya a kira wannan daidaito. Shi kansa Lucas ma'ana ta biyu ya bi a bayanansa: Sith cuta ce a jikin Ƙarfi, kuma an warke ne a 1983 da mutuwar Palpatine.

Fassarar Lucas ta fi inganci, sai dai ta tsallake wurin da labarin ya fi nauyi, watau abin da busharar ta yi wa yaron. Tun daga ranar da aka liƙa masa sunan zaɓaɓɓe, manyan Jedi suka daina ganin Anakin, suka koma kallon alama. Sun gane yana kewar uwarsa, amma sai suka ɗauki kewar a matsayin aibi. Shekara 10 ta wuce babu wanda ya koma Tatooine ya fanshi Shmi daga bauta. Wani manomi ne ya saye ta ya 'yanta ta ya aure ta. Da Anakin ya kai kukansa ga Yoda a kan mafarkin mutuwar wani na kusa da shi, amsar da ya samu ita ce ya horar da zuciyarsa ta saki abin da take tsoron rasawa. Daga baya aka ba shi kujera a majalisa aka hana shi muƙamin da ke tafiya da ita, aka kuma sa shi leƙen asirin Palpatine, mutum ɗaya tilo da ke sauraronsa. Ungiyar da ke jiran mai ceto ita ce ta miƙa shi ga maƙiyinta.

A nan akwai wata dabara ta tsari da ta cancanci yabo. Lucas ya jera hangen gaibu iri biyu. Ɗaya ita ce busharar dattawa, wadda Anakin bai cika damuwa da ita ba. Ɗayan kuwa mafarkinsa ne, wanda ya yi imani da shi ƙwarai, domin na farko, a kan uwarsa, ya tabbata a fim ɗin 2002. Da ya yi mafarkin matarsa Padmé za ta mutu wurin haihuwa, sai ya bi Palpatine don ya hana hakan, kuma bin da ya yi shi ne sanadin mutuwarta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kamar yadda ya faru ga Oedipus a wasan kwaikwayon Girkawa.

To, idan an dawo ga ƙarshen fim ɗin 1983 da wannan a zuciya, za a ga cewa babu mai tunanin bushara a ɗakin. Luke bai taɓa jin labarinta ba a finafinan. Ya jefar da takobinsa ne don ya ƙi kashe ubansa. Vader kuma ya dubi ɗansa yana kururuwa a ƙasa, ya dubi sarkin, ya zaɓa. Ƙaunar jini, wadda Jedi suka haramta, ita ce ta gama aikin. Haɗarin busharar shi ne tana iya mai da wannan zaɓi na uba ya zama alƙawarin da dole ya cika ko ana so ko ba a so, kuma da zarar an karanta shi haka, darajar wurin ta ragu.

Kamfanin Disney, wanda ya sayi Lucasfilm a 2012, ya ƙara dagula lissafin. A cikin The Rise of Skywalker na 2019 an dawo da Palpatine da ransa, aka bar wa Rey aikin kashe shi karo na biyu, har aka ji muryar Anakin tana ce mata ta maido da daidaito kamar yadda shi ya yi. Daidaiton da aka yi ƙarnoni ana jira bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba.