3.4 Jigon Shirun Daji a Littafin The Maine Woods

Sau uku Henry David Thoreau ya shiga dajin Maine da ke arewa maso gabashin Amurka, wato a 1846 da 1853 da 1857. Labaran waɗannan tafiye-tafiye ne aka tattara a wannan littafi, wanda ya fito a 1864, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Marubucin ya yawaita siffanta dajin da shiru da kaɗaici. Sai dai idan aka yi wa littafin karatun tsanaki, za a ga cewa bayanansa da kansu sun raunana wannan jigo. Ya ambaci sansanonin masu saran katako, da madatsar ruwa da ta kashe itatuwan bakin tafkin Chamberlain. Haka kuma ɗan jagoransa na 1857, Joe Polis, ɗan ƙabilar Penobscot, yana gane sawun dabba da kukan tsuntsu, yana kiransu da sunayensu a harshensa.

A ra'ayin mai wannan nazari, shirun na kunnen baƙo ne, domin Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Sai dai ba za a ƙi yaba wa Thoreau ba, tunda bai ɓoye wannan gazawa ba. Ya zauna ya ɗauki darasi wurin Polis, har aka jera kalmomin da ya tara a ƙarshen littafin.