Diwani Ko Zaɓin Baƙo: Nazari A Kan Akwatunan Faya-fayan Fela Anikulapo Kuti

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu kwatanta hanyoyi biyu da kamfanonin faifai suka bi wajen tattara waƙoƙin Fela Anikulapo Kuti (1938-1997) cikin akwati domin masu sha'awar tara faya-fayai. Hanya ta farko ita ce ta kamfanin Wrasse na Ingila, wanda a 2010 ya fitar da akwati guda mai faifan sidi 26, ya kira shi cikakkun ayyukan mawaƙin. Ta biyu kuwa ta kamfanin Knitting Factory na Amurka ce, wanda daga 2011 zuwa 2023 ya fitar da akwatuna shida na manyan faya-fayan garmaho, kowane akwati da wanda aka gayyato ya zaɓi faifai shida ko bakwai da za a zuba a ciki.

Mai yiwuwa wani ya ce me ya kawo zancen akwatin faifai a taron malaman adabi. Dalilinmu shi ne, duk wanda ya tara ayyukan mawaƙi bayan rasuwarsa aikin mai haɗa diwani yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ne zai yanke abin da zai shiga da abin da za a bari, da wace waƙa za ta zauna kusa da wace, kuma 'yan baya ta idonsa za su san mawaƙin. Ga Fela abin ya ma fi nauyi, domin al'adarsa ce idan ya ɗauki waƙa a faifai sai ya daina yin ta a gaban jama'a. Ke nan faifan shi ne kamannin ƙarshe da waƙar ta samu daga hannun mai ita.

2.0 Zubin faifai da tsawon waƙa

Waƙoƙin Fela dogaye ne. Da yawansu suna kai minti goma sha biyu, wasu su wuce ashirin, kuma yakan bar kiɗa da busa su daɗe suna tafiya kafin ya buɗe baki. Fuskar babban faifan garmaho kuwa ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da 'yan kai ba tare da sauti ya raunana ba. Saboda haka sau da yawa akan raba waƙa guda gida biyu, kashi na farko a wannan fuska, na biyu a waccan, kamar yadda aka yi wa I.T.T. da Coffin for Head of State. Dole mai saurare ya tashi ya juya faifai a tsakiyar waƙa.

A nan faifan sidi ya yi wa na garmaho fintinkau. Tun jerin da kamfanonin Barclay da MCA suka fitar daga 1999 zuwa 2001, wanda akwatin Wrasse ya bi sawunsa, an sami damar jin irin waɗannan waƙoƙi a zama ɗaya, kiɗa yana hauhawa sannu a hankali har ya kai inda murya za ta shigo. Wannan hauhawa ita ce ƙashin bayan salon Fela, kuma haka ya riƙa yin waƙoƙin a gidan rawarsa na Shrine a Legas. Masu tara faifai sukan ce juya faifan ma wani daɗi ne. Ba mu musa musu ba, amma daɗin nasu ne, tilas ce ta na'ura ta haifar da shi, ba mawaƙin ne ya tsara waƙarsa da wannan giɓi ba.

Sai dai sidi ya zo da tasa ɓarnar. Don a cika shi, sai aka riƙa haɗa faifai biyu wuri guda: Expensive Shit da He Miss Road, Confusion da Gentleman, Shakara da London Scene, da sauransu. Wanda ya fara sanin Fela ta wannan hanya yakan ɗauka tagwaye aka haife su, alhali mai saye a Legas a shekarun 1970 ɗaya-ɗaya ya same su, kowanne da lokacinsa da abin da ya jawo shi.

3.0 Bango

Ba za mu daɗe a nan ba, domin hukuncin a fili yake. Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela bangon faifai 26, farawa da Alagbon Close a 1974, kuma zanensa sharhi ne a kan waƙar, cike da ƙananan hotuna da rubuce-rubuce. Bangon Beasts of No Nation na 1989, alal misali, ya nuna Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha cikin siffar dodanni. Bangon babban faifai ya kai kusan santimita 31 a kowane gefe, na sidi kuwa wajen 12 ne. Idan aka matse zanen Ghariokwu ya koma haka, rabin maganarsa ta tafi, sai mai tabarau mai ƙarfi. Akwatunan Knitting Factory sun mayar da bangunan bisa girmansu na asali, sun haɗa da ɗan littafi mai bayanin Chris May a kan faya-fayan, kuma wannan kaɗai ya isa hujja ga mai son mallakarsu.

4.0 Wa ya zaɓa, kuma me zaɓin ya raba

Babbar matsalar da muke son mu tsaya a kanta ita ce ta zaɓi. Akwati na farko (2011) Questlove ne ya zaɓa, makaɗin ganga na ƙungiyar The Roots ta Amurka. Na biyu (2012) Ginger Baker, na uku (2014) Brian Eno, na huɗu (2017) Erykah Badu, na biyar (2021) Chris Martin na ƙungiyar Coldplay tare da Femi Kuti, na shida (2023) ɗan wasan fim Idris Elba. Cikin mutum bakwai ɗin nan Femi, ɗan mawaƙin, shi kaɗai ne ɗan Nijeriya, shi ma sai a akwati na biyar aka zo kansa, aka kuma haɗa shi da abokin tafiya. Ba asalin mutanen muke tuhuma ba, dukkansu masoyan kiɗan ne na gaskiya. Abin da muke dubawa shi ne, an tambayi kowannensu abin da ya fi so, kuma abin da wani ya riga ya ɗauka ba ya sake shiga akwatin wani. Da wannan ƙa'ida, tarihin da waƙoƙin suke ɗauke da shi sai ya tarwatse.

Mu ɗauki shekarar 1974. A cikinta 'yan sanda suka kama Fela bisa zargin tabar wiwi, suka tsare shi a ofishinsu na binciken laifuffuka da ke Alagbon a unguwar Ikoyi, sa'an nan a watan Nuwamba suka kai wa gidansa farmaki. Daga wannan shekara faifai uku suka fito: Alagbon Close a kan tsarewar, Expensive Shit a kan yadda ya haɗiye abin da aka so a kafa hujja da shi, da Kalakuta Show a kan farmakin. Labari ɗaya ne mai babi uku. Amma na farko yana akwatin Baker, na biyu yana na Questlove, na uku yana na Martin da Femi, kuma tsakanin fitowar akwati na ɗaya da na biyar shekara goma ce.

Misali na biyu ya fi wannan ciwo. Zombie ya fito a 1976, yana yi wa soja ba'a a kan bin umurni ido rufe. Ran 18 ga Fabrairu 1977 soja kimanin dubu suka kewaye gidan Fela da ya sa wa suna Jamhuriyar Kalakuta, suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a Afrilu 1978. Sorrow Tears and Blood ya fito a 1977 bayan farmakin. Kwamitin binciken gwamnati ya ce wani soja da ba a san ko wane ne ba ya sa wutar, sai Fela ya mayar da wannan magana sunan faifai, wato Unknown Soldier na 1979. A ƙarshen Satumba na wannan shekara, gab da Janar Obasanjo zai miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, Fela da mutanensa suka kai akwatin gawa ƙofar barikin Dodan, kuma wannan shi ne jigon Coffin for Head of State, inda ya ambaci Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa da suna. To, Zombie yana akwati na uku, Sorrow Tears and Blood yana na ɗaya, Coffin for Head of State yana na huɗu, Unknown Soldier kuwa bai shiga ko ɗaya daga cikin shidan ba. Mutum zai iya sayen dukkansu, ya jera a kanta, amma faifan da Fela ya ba da labarin farmakin da bakinsa ba ya gidansa. A jerin sidi kuwa an haɗa Coffin for Head of State da Unknown Soldier a faifai guda, kuma wannan na daga wuraren da haɗin tagwayen ya faɗa daidai.

Ba dukkan akwatunan ne wannan suka ya shafa daidai wa daida ba. Na Ginger Baker, a ganinmu, shi ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja, ya yi kiɗa da Fela a faifan Live! na 1971. Duk abin da ya zaɓa, Roforofo Fight da Confusion da He Miss Road da sauran, daga zamanin da ya gani da idonsa ne, lokacin ƙungiyar Africa 70 da Tony Allen a kan ganga. Zaɓinsa shaidar ganau ce, shi ya sa akwatin ya zama kamar babi guda. Na Brian Eno ya fi kowanne daɗin saurare, ga Shakara ga Gentleman ga Afrodisiac ga Zombie, amma kunnen mai haɗa sauti ne ya yi zaɓin. Eno ya sha faɗin tasirin da Afrodisiac ya yi a kan faifan Remain in Light da ya yi da ƙungiyar Talking Heads a 1980, saboda haka akwatin nasa yana koya mana abin da Turai da Amurka suka ɗauka daga Fela fiye da abin da Fela yake faɗa wa Legas. Erykah Badu ta nuna ƙarfin hali da ta karkata ga waƙoƙi masu ɗaci: V.I.P., wanda aka ɗauka a bikin kiɗan jaz na birnin Balin a 1978, da Army Arrangement, har zuwa Underground System na 1992. Akwati na biyar da na shida kuwa sun zo bayan an kwashe sanannun faya-fayan, wannan ya tilasta musu tono waɗanda ba a cika ji ba, irin su Why Black Man Dey Suffer da Stalemate, abin da ya zama riba ga mai tarawa ko da ba da niyya ba.

Akwatin Wrasse ba shi da wannan matsala, tun da kusan kome ya kwaso. Malamin da yake son ya bi Fela daga Africa 70 zuwa Egypt 80, ya ga yadda zambo mai ban dariya na farkon shekarun 1970 ya rikiɗe ya zama tuhuma mai kiran suna, to wannan akwati shi ne kayan aikinsa, ko da yake shi ma sai ya zauna da takarda da alƙalami ya warware tagwayen ya jera su bisa shekara.

5.0 Wace siga ce a ciki

Akwai tambaya guda da ta wajaba a kan kowane akwati, wato daga ina aka kwafo sautin, kuma wace siga ce ta waƙar. Gobarar Kalakuta ta 1977 ta ci ɗakin ɗaukar sauti da kayan kiɗa da zaren ɗauka na asali da ke gidan, kuma Fela ya fitar da faya-fayansa ta hannun kamfanoni dabam-dabam, EMI da Decca da ƙanana irin su Coconut da nasa na Kalakuta. Kwafi daga zaren asali dabam yake da kwafi daga tsohon faifan da aka wanke aka tace, kuma kunnen da ya saba yakan ji bambancin a ƙarar ƙaho da ta ƙananan ganguna.

Army Arrangement shi ne misalin da ya fi fitowa fili. A Satumba 1984 gwamnatin Janar Buhari ta kama Fela a filin jirgin sama na Legas bisa zargin fita da kuɗin waje, aka ɗaure shi shekara biyar, ya yi wani ɓangare na zaman a kurkukun Maiduguri, sai a Afrilu 1986 gwamnatin Janar Babangida ta sake shi. Yana ɗaure ne kamfanin Celluloid ya miƙa zaren waƙar ga Bill Laswell, wanda ya sake haɗa sautin, ya ƙara makaɗa irin su Sly Dunbar da Bernie Worrell, aka fitar a 1985. Fela bai yarda da wannan aiki ba. Saboda haka faifai biyu ne suke yawo da suna ɗaya, guda na mawaƙin, guda kuma an yi masa kwaskwarima yana bayan ƙarfe ba da saninsa ba. Mai tarawa zai so ya mallaki duka biyun don tarihi, amma malamin da zai kafa hujja da tsarin waƙar a gaban ɗalibai dole ya fara duba bayan bangon, ya ga ko sunan Laswell yana cikin waɗanda suka haɗa sautin.