Tuƙin Jirgin Sama a Kan Tebur

Hancin jirgi ne ke fara ba sabon shiga kunya. Zai daidaita Cessna 172 a tsakiyar titi, ya tura totur har ƙarshe, sai ya ga jirgin yana karkata hagu kamar jakin da ya hango gida. Ya murɗa sitiyari dama, ko gezau. Kafin ya ankara yana cikin ciyawa. Wanda ya goge kuwa ƙafarsa ta dama tana kan feda tun kafin inji ya ɗauki ƙara, don ya san farfelar da ke juyawa a gaba ce take jan jirgin hagu, kuma muddin taya na taɓa ƙasa, da ƙafa ake tuƙi. Duk wannan a cikin ɗaki yake faruwa, a gaban kwamfuta, wani lokaci ma da kofin shayi a gefe.

Abin ya daɗe. A 1929 Edwin Link, ɗan Amurka, ya ƙera wani akwati mai kujera da ke karkata ta kowane ɓangare da ƙarfin iskar zuga-zugi, dabarar da ya koyo a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. A cikin irin wannan akwati dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi tafiya da agogunan jirgi kaɗai. Kamfanin Microsoft ya fitar da Flight Simulator a 1982, lokacin da duniyar cikinsa 'yan layuka ce kawai a kan allo. Fitowar 2020, wadda kamfanin Asobo na Faransa ya gina, ta shimfiɗa duniya duka daga hotunan taswirar Bing, har da yanayin sama na ainihin ranar. Abokiyar hamayyarta X-Plane tana yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi, ta auna yadda iska ke bugun kowace gunduwa. Masoya manhajojin biyu sun shekara suna musu, kuma ba ni da niyyar raba su.

Wurin haɗa kaya ake gane wanda ya san abin da yake yi. Mai ɗoki yakan zuba kuɗinsa a kan ƙaton allo. Gwani yakan fara da sitiyari ko sandar tuƙi, da totur mai zaman kansa, da fedoji biyu masu juya wutsiya, kuma a ganina fedojin nan sun fi allo na biyu amfani nesa ba kusa ba. Sai ya ɗaure sitiyarin tam a bakin tebur. Sai kujera: in mai tayoyi ce, da ka taka feda za ta sulale da kai baya, don haka wasu suke cusa tayoyin cikin tsofaffin takalma. Daga nan sai zaman saiti, wanda ba ya burge kowa. Zai yi ta gyara yadda manhaja ke jin motsin hannunsa har sai ɗan taɓi ya daina fizgar jirgi. Zai daidaita inda idonsa yake a cikin ɗakin matuƙi, ya bar shi a nan har abada, domin da wannan tsayin ido yake auna nisansa da ƙasa. Zai kuma rage adon bishiyoyi da gajimare don hoto ya riƙa tafiya sumul, saboda hoton da ke tsinkewa a daidai bakin titi shi ke kayar da jirgi.

Tashi ba wuya. Gudu ya kai not 55, wato kimanin kilomita 100 a awa, ka ɗan jawo sitiyari, ka rabu da ƙasa. Abin da ke ɗaukar makonni shi ne wata 'yar ƙaramar taya da ake kira tirim. Ita ake murzawa a hankali har jirgi ya riƙe hancinsa da kansa, a saki sitiyari bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Wanda bai iya ta ba kokawa yake yi da jirgi tun daga tashi har sauka. Wanda ya iya, da yatsu biyu yake tuƙi.

Sauka ita ce jarrabawar. Za ka zagaya filin a tsayin ƙafa 1,000, ka rage totur, ka sauke ƙananan fukafukan baya mataki-mataki, ka fuskanci titi da gudun kimanin not 65. A nan hankali ke juyewa mutum: da hancin jirgi ake riƙe gudu, da totur ake ƙara ko rage gangara. A gefen titi akwai fitilu huɗu. Biyu farare biyu jajaye, kana kan hanya. Duka farare, ka yi sama da yawa. Duka jajaye, ƙasa na kiranka. Da ka ƙetare bakin titi sai ka ja totur baya, ka kai dubanka can ƙarshen titin, ka riƙa ɗaga hanci kaɗan-kaɗan kamar mai hana jirgin sauka, har tayoyin baya su taɓa da kansu. Abin da ya fi burge ni shi ne ganin mutum yana gab da taɓa ƙasa, ya lura gudunsa ya yi yawa, ya tura totur ya sake zagaye. Minti biyar ya ƙara wa kansa a kan saukar da ba wanda zai ji ciwo in ta lalace.

Akwai abin da tebur ba ya bayarwa. Jiki ba ya jin jirgi yana nutsewa ko yana zamewa gefe, shi ya sa malaman tuƙi kan yi ƙorafin cewa ɗalibin da ya taso a kan kwamfuta agoguna yake zuba wa ido, ya manta da taga. Amma inda agogunan suke da muhimmanci, nan ya fi kowa. Ka sa hazo ya rufe filin jirgin Malam Aminu Kano har ba a hango komai, ka ga yadda zai bi allurai biyu, ɗaya na nuna tsakiyar titi ɗaya na nuna gangarar digiri 3, har fitilu su ɓullo masa daga cikin ƙura.

Masu nisa a harkar sukan shiga VATSIM, dandalin da aka kafa a 2001, inda 'yan sa-kai ke zaman hasumiya ta intanet suna ba da umarni da murya, da irin Turancin da ake yi a filayen jirgi na gaske. Ba a motsa jirgi sai da izini, kuma kowane umarni sai matuƙi ya maimaita shi. Mutumin da ya sauke jirgi sau ɗari shi kaɗai, ranar da zai fara kiran hasumiya sai ka same shi ya rubuta maganarsa a takarda, ya karanta ta sau uku a zuci, yatsansa na kan maɓallin magana yana jiran wani matuƙi daga Jamus ya gama tasa.