Koci Tsakanin Jami'a da NFL: Nazari Kan Aikin Pete Carroll

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, manyan kociyoyi uku kacal suka taɓa haɗa kofin ƙasa na jami'o'i da Super Bowl, kofin gasar ƙwararru ta NFL: Jimmy Johnson da Barry Switzer da Pete Carroll. Gwanaye da dama sun gwada sun sha ƙasa. Nick Saban, mai kofin jami'o'i bakwai, ya yi kaka biyu da Miami Dolphins, ya ci wasa 15 aka doke shi a 17, ya koma jami'a a 2007. Urban Meyer kuwa wasa 13 ya jagoranta a Jacksonville a 2021 aka sallame shi.

Dalilin yana cikin tsarin gasannin biyu. A jami'a koci shi ne wuƙa shi ne nama. Yakan shiga gida gida, ya zauna da iyayen yaro ɗan shekara 17 ko 18, ya yi musu alkawarin karatu kyauta, kuma babbar makaranta tana iya kwashe zaratan yara kowace shekara. Ita NFL an gina ta ne don kada wata ƙungiya ta daɗe a sama: wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma tun 1994 an ƙayyade kuɗin albashin da kowace ƙungiya za ta kashe. 'Yan wasan magidanta ne masu ƙungiyar ƙwadago da wakilai, wasunsu sun fi kocin albashi. Tsawar da ke girgiza ɗalibi ba ta motsa su.

Carroll ya fara ɗanɗana ɗacin NFL kafin ya yi suna. New York Jets ta kore shi bayan kakar 1994, New England Patriots ta kore shi bayan ta 1999, ana cewa ya cika sanyin hannu. Da jami'ar USC ta ɗauke shi a ƙarshen 2000, magoya bayanta guna-guni suka yi. A can ya kafa ƙa'idar da ta zama tambarinsa: babu mai gurbi na dindindin, kowa zai kare matsayinsa a filin atisaye, ga kiɗa na tashi, kocin kansa yana guje-guje tare da yaran. USC ta zama zakara a 2003 da 2004.

A ganina abin da ya bambanta shi da Saban da Meyer shi ne wannan ƙa'ida ba ta dogara da tsoron koci ba, shi ya sa ta yi aiki a kan manya. Da Seattle Seahawks ta ɗauke shi a 2010, ta ba shi ta cewa kan zaɓen 'yan wasa, tare da manaja John Schneider. Sun tsinto ɗan wasan tsaro Richard Sherman a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2011. A 2012 ƙungiyar ta kashe maƙudan kuɗi ta kawo Matt Flynn don ya jagoranci masu kai hari, amma sabon shiga Russell Wilson, wanda aka ɗauko a zagaye na uku, ya fi shi a atisaye, Carroll ya ba shi gurbin. 'Yan wasa sun ga maganar kocinsu ba ta baka ba ce. Ƙaramin albashin matasan nan kuma ya bar sararin gina tsaro mai ƙarfi, wanda ya murƙushe Denver da ci 43 da 8 a Super Bowl na Fabrairun 2014. Da shekara ta zagayo, saura yadi ɗaya su sake ɗaukar kofin, aka jefa ƙwallo maimakon a miƙa wa ɗan wasansu Marshawn Lynch, Malcolm Butler na Patriots ya cafke. Carroll ya fito ya ce laifinsa ne.

Akwai tabon da bai kamata a rufe ba. Watanni kaɗan bayan ya bar USC, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta hukunta makarantar saboda kyaututtukan da ɗan wasanta Reggie Bush da iyalinsa suka karɓa: an hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, an rage mata guraben tallafin karatu 30. Yaran da suka zo daga baya ne suka biya bashin, kocin yana Seattle. Wannan rashin adalci ne da tsarin jami'o'in ya daɗe yana ƙyalewa.

Tsarin kansa yanzu yana sauyawa. Tun 2021 ɗalibai na samun kuɗi da sunansu da hotonsu, suna kuma sauya makaranta cikin sauƙi, don haka kocin jami'a ya fara fuskantar irin cinikin da takwaransa na NFL ya saba da shi. Saban ya yi ritaya a Janairun 2024, bai kuma ɓoye damuwarsa da wannan sauyi ba.